Wa Zai Biya Mai Masauki?

A karanta Markus 5:25-34 da Luka 10:30-35.

 A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani abu wanda ba a cika ambatonsa cikin majami'a ba, ko da ya ke babu gidan da bai san nauyinsa ba, watau kuɗin magani.

Duk wanda ya taɓa yin jinya a Birnin Kudu ya ga abin da za mu faɗa. Mutum ya fito daga wurin likita da 'yar takarda a hannunsa, ya sami inuwa ya tsaya yana jujjuya ta. Bai iya karanta rubutun likita ba, amma ya san abin da takardar ta ke cewa. Tana cewa awaki biyu, ko kuwa buhun geron nan da aka ɓoye domin iri. Wani lokaci ma tana cewa ɗaya daga cikin shanun huɗa, ko a jinginar da gonar gado. Daga nan sai ya shiga lissafi, a sayi duka ne, ko a sayi rabi, ko kuwa a ɗauki mara lafiya a koma gida a bar wa Allah. Mun sha jin wannan magana ta a bar wa Allah, mun kuwa san ba kullum bangaskiya ce ta ke sa a faɗe ta ba. Sau da yawa aljihu ne ya ƙare.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan wahala ba. Markus ya ba mu labarin wata mace wadda ta shekara 12 jini yana zuba mata. Ta bi masu magani ɗaya bayan ɗaya, ta sha wuya a hannunsu, abin hannunta duka ya tafi, ciwon kuwa sai gaba ya ke yi. Luka ma ya ba da labarin, amma da ya ke shi kansa likita ne, sai ya ɗan sassauta wa abokan sana'arsa, ya nuna ciwon ne ya fi ƙarfin kowa. Markus bai sassauta ba. Mu lura fa, ran da matar nan ta kutsa cikin taro ta taɓa tufar Yesu, ciwo biyu ta ke ɗauke da su. Ɗaya yana jikinta, ɗaya kuwa yana hannunta, watau talauci, na farin ne kuma ya haifi na biyun. Ba matalauciya ba ce tun asali, gama in da haka ne, da me ta biya masu magani har shekara 12? Jinya ce ta cinye ta.

'Yan'uwan matar nan suna nan a ƙasarmu. A babban asibitin Jahun, cikin wannan jiha tamu ta Jigawa, ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wadda a ke kira MSF, ta soma aiki a shekarar 2008, tana karɓar haihuwa mai wuya, tana kuma yi wa mata masu yoyon fitsari aiki ba da kuɗi ba. Mene ne ya ke kawo yoyon fitsari? Doguwar naƙuda ce. Mace ta kwana biyu ko uku a durƙushe, kan jariri ya danne, nama ya mutu. Me ya sa aka bar ta ta kwana uku? Galibi maigida yana tunanin kuɗin mota ne, da abin da za a ce ya biya in an isa. Yana jira ko Allah zai sa ta sauka da kanta. Abin da zai ci kaɗan ran fari sai ya ci mai yawa ran na uku, wani lokaci har da rai biyu.

Yesu ya warkar da matar nan bai karɓi ko anini ba, muna kuwa gode masa domin har yau yana jin addu'ar marasa lafiya. Amma bai bar mu da wannan labari kaɗai ba. Kafin mu je ga na biyun, bari mu duba yadda aka yi magani ya yi tsada haka, gama wanda bai san inda ruwa ya ke shigowa ɗaki ba ba zai iya toshewa ba.

Tsofaffinmu su kan ce, a zamanin mishan magani ba shi da tsada. Gaskiyarsu. A shekarar 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido na Kano, wanda ya ke hannun ECWA yanzu. Mutum ya kan ba da 'yan kwabbai a duba shi, wanda ba shi da su kuma ba a kore shi ba. Amma mu tambayi kanmu, wa ya ke biyan sauran? Masu bi ne a Amurka da Kanada da Ingila, da yawansu ba mawadata ba ne, su ke tara baiko suna aikowa. En'e ma tana sa nata hannu a wajen aikin kutare. Likitan kuwa ya yarda ya zauna a kan albashin da bai kai rabin abin da zai samu a ƙasarsu ba. Ashe maganin nan ba kyauta ba ne, wani ne ya biya, mu ba mu gan shi ba. Wannan ita ce gaskiyar da mu ke so ta zauna a zukatanmu tun daga nan. Kowace allura akwai wanda ya biya ta.

Cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan da yawa, a lokacin kuɗin man fetur yana shigowa. Da kuɗin ya ja baya, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, ɗakunan magani na gwamnati suka zama fayau. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, suka shirya cewa mara lafiya ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sayo wani, domin kada kanta ta bushe. Dabarar ta sa magani ya samu a wurare da yawa, amma ta ɗora kayan a kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfin ɗauka a ranar, watau mai ciwon. A bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin kowace naira 10 da a ke kashewa a kan lafiya a Nijeriya, fiye da naira 7 daga aljihun mara lafiya da danginsa ta ke fitowa. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan.

Sa'an nan shekarar 2023 ta zo. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka da ta ke wajen naira 460 a hannun gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ina ruwan manomin Sara ko na Kantoga da dala? Da ruwansa ƙwarai, gama yawancin maganin da mu ke sha daga Indiya da Sin a ke kawo shi, wanda a ke haɗawa a Legas ma da dala a ke sayo garinsa. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK ya sanar zai daina sayar da kayansa da kansa a ƙasar nan, masu ciwon asma suka wayi gari abin shaƙarsu ya ninka kuɗi sau da yawa. Masu ciwon sukari da masu hawan jini, waɗanda ba sa hutawa da shan magani, su suka fi kowa ji a jika. Asibiti kuma da man gas ya ke kunna injin wuta. Ga likitoci da ma'aikatan jinya suna ta tafiya Ingila da Saudiyya neman albashi mai kyau, waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a takardar likita. Mai ciwo daga Basirka ko Fagam sai an ɗauko shi a mota ko a babur zuwa Gwaram, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Birnin Kudu. In an ce sai Dutse, ko asibitin Malam Aminu Kano, tafiyar ta ƙaru, Kano kuwa ta fi kilomita 100 daga nan. Mai jinya zai ci abinci. Za a nemi jini. Gona tana can ciyawa tana cinye ta, domin mai noman yana zaune a kan tabarma a bakin ɗakin marasa lafiya. Ciwon mutum ɗaya na mako biyu cikin damina ya isa ya rage abincin gida na shekara.

Ba za mu ce masu mulki ba su yi kome ba, gama faɗin haka ba gaskiya ba ne, mai bi kuwa ba ya ƙara gishiri ko a kan hukuma. A shekarar 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, ko da ya ke gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan ba. A 2005 aka soma inshorar lafiya ta ƙasa, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. A nan gida, a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, aka kafa tsarin Gunduma domin ƙananan asibitoci da manya su zama a hannu ɗaya, daga baya aka sāke tsarin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, rabinsa a biya wa talakawa kuɗin magani. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa. Jihar Jigawa kuma ta kafa tata hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda a ke kira JICHMA. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar za a riƙa yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa.

Dokokin nan masu kyau ne, muna kuwa roƙon Allah ya ba masu riƙe da su gaskiya. Amma doka ba ta da ƙafa, ba ta tafiya ƙauye da kanta. Ga kuma wani abu da mu ke gani. Inshora ta fi sauƙi ga mai albashi, gama kowane wata a kan yanki kaɗan tun kuɗin bai shiga hannunsa ba, ba ya ma jin zafi. Yawancinmu kuwa manoma ne. Albashin manomi sau ɗaya ya ke zuwa a shekara, da kaka, sa'ad da gero da dawa da riɗi da gyaɗa suka shigo gida. Ciwo kuma ya san lokacinsa. Zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama nuna ba. Kuɗi yana zuwa wata ɗaya, ciwo yana zuwa wani watan dabam. Tsakanin watannin nan biyu ne 'ya'yanmu su ke faɗawa.

Yanzu mu juya ga labari na biyu, na Basamariyen nan. Mun saba jinsa tun muna makarantar Lahadi, har mu kan tsaya a wurin da ya ɗaure raunuka mu ce ya yi tausayi. Amma mu bi shi a hankali mu ƙidaya abin da ya kashe. Ya zuba mai da ruwan inabi, wannan kuɗin magani ke nan. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa shi yana tafe a ƙasa, wannan kuɗin mota ke nan. Ya kai shi masauki ya kwana yana dubansa, ga kuɗin gado da wahalar mai jinya. Da gari ya waye ya ciro dinari 2 ya ba mai masaukin, dinari ɗaya kuwa ladan ƙwadago ne na yini guda, watau ya ajiye kuɗin kafin a ci gaba da aiki. Sa'an nan ya yi abin da ya fi duka. Ya tsaya wa mutumin, ya ɗauki lamuni cewa duk abin da jinya ta ci bayan wannan, a wuyansa ya ke, in ya komo zai biya. Bai san ko nawa zai zama ba. Bai san sunan mutumin ba, ba kuma addininsu ɗaya ba.

Me ya sa mai masauki ya yarda ya ci gaba da jinyar wanda 'yan fashi suka tuɓe, ba shi da ko riga? Domin akwai wanda ya tsaya masa. Matar da ta shekara 12 ita kaɗai ta yi ta biya har ta tsiyace. Mutumin hanyar Yariko wani ya biya masa, ya tashi ba bashi a kansa. Firist da Balawe da suka ratse, wa ya sani, watakila sun yi masa addu'a a zuci suna wucewa. Mu ma mun iya wannan. Mu kan je gaisuwa asibiti, mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu ce Allah ya ƙara sauƙi, mu fito mu bar maigida da takardarsa a hannu. Addu'ar tana da kyau, kada a daina. Amma Ubangiji da ya ba da misalin nan, wanda ya biya mai masauki shi ya nuna mana mu bi.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ajiye kuɗin ciwo tun ciwo bai zo ba kiran ciwo ne, ko kuwa rashin dogara ga Allah ne. Har su kan kawo labarin sarki Asa, wanda aka zarga domin ya nemi masu magani. 'Yan'uwa, a sāke karanta wurin cikin 2 Tarihi 16. Laifin Asa shi ne ya bar Ubangiji, bai neme shi ba sam. Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa Hezekiya alkawarin warkewa daga bakin Allah, shi ne kuma ya sa a shafa masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. A wajen tanadi kuwa, Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara 7 tun yunwa ba ta zo ba, ba wanda ya ce ya kira yunwa. Ekklesiyar Antakiya da ta ji yunwa tana tafe, sai kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika Yahudiya. Bulus ya umarci Korantiyawa su riƙa ware abu kowace ranar farko ta mako, domin kada a tashi tara kuɗi a gurguje sa'ad da ya iso. Mu kuwa kullum a gurguje mu ke tarawa. Sai an kwantar da mutum, sa'an nan a tsaya bayan sujada a zaga da kwano, a sami abin da bai kai kuɗin ledar ruwa biyu ba.

Ga shawarar da mu ke kawo wa dattawa da Zumuntar Mata da matasa. Ba baƙon abu ba ne. Mun san gayya, mun san adashi, wannan ɗan'uwansu ne. Kowace ekklesiya ta yi rumbun marasa lafiya, dabam da baikon godiyar kaka, dabam da hatsin fasto. A ce ekklesiya tana da gidaje 40, kowane gida ya kawo tiya 5 ta gero ko dawa da kaka. Tiya 200 ke nan, watau buhu 5. Tiya 5 da kaka ba ta hana kowa barci, ta kan tafi ma a wajen biki ɗaya ba a sani ba. A adana hatsin da kyau kada ƙwari su ci. Galibi hatsi ya fi daraja in damina ta yi nisa, sai a sayar a lokacin, kuɗin ya zama a shirye daidai sa'ad da zazzaɓi ya ke shigowa. Mai albashi a cikinmu, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko ɗan sanda, ya kawo nasa da kuɗi kowane wata. Gwauruwa da maraya da tsohon da ba shi da mai noma masa, kada a karɓi kome a hannunsu, amma a rubuta sunansu a farkon littafi.

Me za a yi da kuɗin? A ganinmu abu na fari shi ne mota. A yi magana da mai mota ko mai Keke Napep ɗaya ko biyu a garin tun yanzu, a shirya da su cewa in an buga musu waya da tsakar dare domin mai naƙuda ko yaro mai suma, su tashi ba ciniki, ekklesiya za ta biya da safe. Wannan kaɗai zai ceci rayuka, gama maigidan da ya san an tsaya masa ba zai jira kwana uku ba. Bayan mota sai kuɗin kati da gwajin jini da maganin ran fari. In da saura, dattawa biyu su tafi sashen lafiya na ƙaramar hukuma a Birnin Kudu ko Gwaram, su tambayi yadda a ke shiga taimakekeniyar jiha, nawa ne a shekara, wane asibiti za a ba mutum, wane ciwo ne ta ke ɗauka, wane ne ba ta ɗauka. Su tambaya kuma yadda a ke rubuta marasa hali cikin waɗanda gwamnati ta ke biya wa, domin kada gwaurayenmu su rasa rabonsu sabo da ba wanda ya kai sunansu. Tambaya ba roƙo ba ce. Kuɗin ƙasa ne, mu ma 'yan ƙasa ne.

Kada kuma mu raina abin da an riga an biya mana. Rigakafin yara kyauta ne. Maganin tarin fuka da na kuturta kyauta ne a asibitin gwamnati. Da damina a kan bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kare zazzaɓi wata wata. Mun ga gidan sauro an kewaye lambu da shi, yara kuwa suna kwana a fili. Uwar da ta ƙi awon ciki domin ƙyuya, da uban da ya hana a yi wa ɗansa allura domin jita-jitar kasuwa, su ne za su zo su kwashe rumbun 'yan'uwa a kan ciwon da da an tare shi tun a ƙofa.

Dole mu faɗi wata magana mai ɗaci. Inda ciwo ya ke da tsada, nan Gehazi ya kan buɗe kasuwa. Elisha ya ƙi karɓar kome a hannun Na'aman, baransa ya bi shi a guje ya karɓo azurfa da riguna, kun kuwa san abin da ya same shi. Yau akwai masu yawo da sunan Yesu suna sayar da mai da ruwa da ƙyalle, suna ce wa mai ciwon sukari ya zubar da maganinsa. Wanda ya sa wa addu'a farashi ba daga wurin Ubangijinmu ya koyo ba, kada ku ba shi ko kwabo. Akwai masu kemis da su ke yanka wa mutum rabin maganin zazzaɓi domin abin da ya ke da shi ke nan, ciwon ya lafa ya komo da ƙarfi, a biya sau biyu. Akwai jabun magani a tire a kasuwa cikin rana, wanda ba shi da lambar NAFDAC. 'Ya'yanmu kuma da suka yi karatu a makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu da sauran wurare, waɗanda su ke aiki a asibitoci da kemis, muna yi muku gargaɗi cikin ƙauna. Mun san albashi ba ya isa. Duk da haka abin da aka ce kyauta ne kada ku sayar, kada kuma ku rubuta mai tsada in mai araha zai yi aikin.

Rumbun kansa ma yana iya haifar da Gehazi. Cikin almajirai 12 mai riƙe da jaka ne ya fāɗi. Sabo da haka kada mutum ɗaya ya riƙe hatsi da kuɗi da littafi. Mabuɗi ya kasance a hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, gama mata su suka fi sanin gidan da a ke ɓoye ciwo domin kunya. Kada fasto ya riƙe kuɗin, domin a tsare sunansa. Kowane wata uku a karanta lissafi a gaban jama'a, abin da ya shigo da abin da ya fita, ba sai an ambaci irin ciwon kowa ba. Kada a ba da rancen kuɗin domin taki ko biki ko kuɗin makaranta, kome amincin mai roƙo, gama ran da aka yi haka sau ɗaya rumbun ya mutu.

Wani zai tambaya, maƙwabcinmu wanda ba mai bi ba fa? A ƙasar nan mu kaɗan ne, a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi mu ke zaune, rijiya ɗaya mu ke sha, sauro ɗaya ya ke cizonmu. Da yawanmu mun taɓa ganin maƙwabci Musulmi ya ba mu jini, ko ya ɗauki matarmu a motarsa da dare bai karɓi kome ba. Ba za mu kafa wa kowace ekklesiya doka ba, gama ƙarfi ba ɗaya ba ne. Amma mu kam muna ganin motar dare bai kamata ta tambayi addinin mai naƙuda ba. Basamariyen bai tambaya ba.

Ba mu ce buhu 5 zai biya wankin ƙoda ko maganin ciwon daji ba. Ba zai biya ba, kada mu ruɗi kanmu. Irin waɗannan sun fi ƙarfin ekklesiya ɗaya, sai ekklesiyoyin gunduma sun haɗa hannu, sai kuma gwamnati ta cika alkawaran da ta rubuta, mu kuwa mu riƙa tuna wa kansila da ɗan majalisa da ladabi, ba ran zaɓe kaɗai ba. Za a yi shekarar da rumbun zai ƙare tun Satumba ba ta fita ba. Za a yi wanda ya kawo tiyarsa shekara 5 bai taɓa cin kome ba, har zuciyarsa ta soma ƙunƙuni. Dattawa su tuna masa shi ne ya fi kowa riba a cikinmu, gama shekara 5 ba a kwantar da kowa a gidansa ba.

Muna roƙon kowane mai karatu ya kai wannan takarda wurin dattawan ekklesiyarsa kafin a yanke gero, a karanta ta a taronsu, a karanta kuma a Zumuntar Mata domin waɗanda ba su iya karatu ba. Ekklesiyar da ta riga ta soma irin wannan, ko a Gwaram ko a Birnin Kudu ko a wani wuri, ta rubuto mana yadda ta yi, tiya nawa kowane gida ya kawo, wa ya riƙe mabuɗi, da inda abin ya ba ta wuya. Za mu buga wasiƙun a fitowar bayan kaka, in Ubangiji ya yarda.